Lissafina Daidai Ne, To Me Ya Ƙona Resistar?

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a makarantar koyon fasaha, da yamma kuma ina koyon gyaran kayan wuta a wurin wani maigidana. Kwanan baya ya ba ni aikin haɗa ƙaramar fitila: ƙwan LED mai wat 1 a kan batir mai bolt 12. A takardar ƙwan an rubuta yana cin bolt 3.2 da miliamfiya 350. Na yi lissafi yadda aka koya mana, na samu om 25, sai na ɗauko 'yar ƙaramar resista, wato abin da ke rage wutar da ke shiga ƙwan, mai om 27, irin mai zobe ja da shunayya da baƙi, na sa. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta yi baƙi ƙirin tana hayaƙi. Maigida ya ce, a gaban sauran yara, lissafin takarda a aji yake ƙarewa. Da na koma gida na so in gwada kaina. Na ɗauki tsohon ƙwai mai zare, mai wat 60 na bolt 230. Lissafi ya ba ni om 882, mita kuma ta nuna mini sittin da 'yan kai. Tun daga ranar na daina yarda da lissafina. Ko dai kaina ne ba na wannan aiki ba? Har na fara tunanin in haƙura.

Wani ɗan koyon aikin wuta

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Kada ka haƙura. Na bi lissafinka guda biyun ɗaya bayan ɗaya, kuma duka daidai suke. Om 25 daidai ne, om 882 ma daidai ne, mitarka kuma lafiyarta lau. Abin da ya faru da resistar shi ne ka amsa tambaya ɗaya, alhali duk wanda zai sa resista a da'ira tambaya biyu ke gabansa. Ta farko: om nawa nake buƙata? Ta biyu: zafin wat nawa wannan abu zai sha? Ka amsa ta farkon da kyau, ta biyun ce ba ka yi wa kanka ba. Mai yiwuwa ma a aji an koyar da su a babi dabam-dabam, babu wanda ya ce maka tare suke tafiya.

Mu fara daga inda ka ƙware. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta. Amfiya ita ce yawan wutar da ke wucewa ta cikin waya a kowace daƙiƙa. Om kuma ma'aunin turjiya ne, wato yadda abu ke tare wa wuta hanya. Dangantakarsu ita ce V = I × R, bolt daidai yake da amfiya sau om. Wanda ya fito da wannan ƙa'ida a 1827, Bajamushe Georg Simon Ohm, malamin makarantar sakandare ne, mahaifinsa kuma maƙerin kwaɗo da makulli. Da gwajin wayoyi masu tsawo da kauri iri-iri ya gano ta, yana aunawa yana rubutawa. Na kawo wannan ne domin ka san ba a allo aka haifi ƙa'idar ba. A teburin aiki aka same ta, kafin ta shiga littafin makaranta.

Kai ka cire 3.2 daga 12, ya rage bolt 8.8 da resista za ta ɗauke. Ka mai da miliamfiya 350 zuwa amfiya 0.35. Ka raba 8.8 da 0.35, ka samu 25 da ɗigo. Da ba ka samu om 25 ba sai ka hau sama zuwa 27, ba ka sauka zuwa 22 ba. A waɗannan matakai ne 'yan koyo da yawa ke faɗuwa. Wani zai raba 12 ɗin gaba ɗaya, ya manta ƙwan ma yana da nasa kason. Wani zai raba da 350 kai tsaye, ya samu amsar da ta yi ƙasa sau dubu. Kai ba ka yi ko ɗaya ba. Mai irin wannan kula ba shi ne za a ce ba shi da kan aiki ba.

To ga tambayar da ta rage. Bolt 8.8 ɗin nan da resistar ta ɗauke, ina suka tafi? Ba ɓacewa suka yi ba, zafi suka zama, kuma a jikin resistar. Ka tuna yadda igiya ke zamewa a hannunka idan ka damƙe ta ana jan ta da ƙarfi: damƙar ita ce turjiya, gudun igiyar shi ne amfiya, zafin da tafinka ke ji kuma shi ne wat. Lissafinsa bai kai na farko wahala ba: P = V × I, wat daidai yake da bolt sau amfiya. Da om 27, wutar da ke wucewa ita ce 8.8 a raba da 27, wato amfiya 0.326. Ninka 8.8 da 0.326, za ka samu wat 2.87.

Yanzu dubi abin da ka ɗauko. Zobban launin nan, ja da shunayya da baƙi, om 27 kawai suke gaya maka, zoben ƙarshe kuma ya gaya maka iyakar kuskurenta. Babu zoben da ke faɗin wat. Girman jiki ne ke nuna wannan. 'Yan ƙananan nan da suka fi yawa a akwatin kowane mai gyara, masu tsawon kimanin milimita 6, kwatan wat ne ƙarfinsu, wato 0.25. Ka ɗora wa mai ɗaukar 0.25 nauyin 2.87, fiye da ninki 11 na abin da aka yi ta dominsa. Ko wa ya haɗa ta haka sai ta ƙone. Da ka ƙara layi ɗaya tak a takardarka, da lissafin da kansa ya gargaɗe ka tun kafin ka kunna.

Om 27 ɗin tana nan a kwatan wat, tana nan a wat 2, tana nan a wat 5 da 10, irin fararen nan masu kusurwa huɗu da ake rubuta lambarsu ɓaro-ɓaro a jiki. Wutar da za su bari ta wuce iri ɗaya ce, zafin da za su fitar ma iri ɗaya ne. Bambancin shi ne babbar tana da faɗin jikin da za ta watsa zafin cikin iska kafin ya cinye ta. Dabarar masu aiki ita ce a ninka abin da lissafi ya bayar sau biyu, sannan a zaɓi resista daga nan zuwa sama. A naka, ninkin 2.87 ya haura 5, don haka ni mai wat 10 zan sa, in kuma bar mata fili kada ta jingina da roba ko waya.

Akwai dalili na biyu da ya sa ban tsaya a wat 5 ba, kuma ina so ka riƙe shi da kyau. Batirin da ake kira mai bolt 12 ba kullum yake 12 ba. Irin na mota, idan ya cika ya huta, yakan nuna 12.6 ko 12.7. Yana kan caji kuwa yana iya kaiwa 14.4. Sake lissafin da 14.4: cire 3.2, saura 11.2. A kan om 27 wannan amfiya 0.41 ne, ya wuce abin da ƙwan ke so, zafin resistar kuma ya tashi zuwa kusan wat 4.6. Mai wat 5 ta kai bakin iyakarta ke nan. Saboda haka idan fitilar za ta riƙa ci ana cajin batir, da bolt mafi girma za ka yi lissafi. 11.2 a raba da 0.35 ya ba da 32, sai ka sa om 33, zafinta kuma ya tsaya a wat 3.8.

Zan faɗa maka ra'ayina a kan haɗin kansa, ko da ba ka tambaya ba. Ƙwai ɗaya mai wat 1 a kan bolt 12 da resista asara ce. Batir yana fitar da 12 sau 0.326, kusan wat 3.9. Ƙwan yana samun wat 1 da kaɗan. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin batirin yana tafiya ne wajen ɗumama iska. Idan ka jera ƙwai uku a layi ɗaya, wutar na fita daga wannan ta shiga wancan, za su ci bolt 9.6 tare, abin da ya rage wa resista ya zama kaɗan, haske ya ninka uku da amfiya iri ɗaya. Sai dai wannan ma yana da nasa cikas: tunda ragowar bolt ɗin kaɗan ne, ɗan motsin batir kan kawo babban canji. A 14.4 ragowar 4.8 ce, a 12 kuma 2.4, rabi ke nan, haske ya riƙa hawa da sauka. Shi ya sa a fitilun da aka ƙera da kyau ake sa 'yar na'urar da ke riƙe amfiya wuri ɗaya, wadda masu aikin ke kira direba. Duk wannan, lura, da lissafi muka gano shi ba tare da mun ƙona komai ba.

A littafi za ka ga an rubuta lissafin wat ta hanya uku, ɗalibai kuma su yi ta haddar su kamar abubuwa uku ne. Ɗaya ne. Ka riƙe V = I × R da P = V × I, sauran daga cikinsu suke fitowa. Idan ba ka san bolt ba, sa I × R a gurbinsa, ka samu P = I × I × R. Idan amfiya ce ba ka sani ba, sa V a raba da R a gurbinta, ka samu P = V × V a raba da R. Gwada: 8.8 sau 8.8 ya ba da 77.44, a raba da 27, ga 2.87 ɗinmu ya dawo. Duk lokacin da kake shakkar amsa, bi ta wata hanyar. In sun haɗu, ka yarda da kanka.

Na fi son ka daɗe a kan P = I × I × R, domin ita ce ke raba mai aikin wuta na kirki da mai jawo gobara. Baturen Ingila James Prescott Joule ne ya nuna, a farkon shekarun 1840, cewa zafin da waya ke fitarwa yana tafiya ne da amfiya sau kanta. Ma'ana, idan amfiya ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Idan ta ninka uku, zafi ya ninka tara. Ɗauki hita mai wat 2,000 a kan bolt 230. Raba 2,000 da 230, tana jan amfiya 8.7, turjiyarta kuma kusan om 26 ce. Yanzu a ce kusar da ke riƙe waya a cikin soket ta yi sako-sako, ko wurin ya yi tsatsa, har ya samu turjiyar rabin om. Rabin om kamar ba komai ba ne. Amma 8.7 sau 8.7 ya haura 75, rabinsa kuwa kusan wat 38. Zafin wat 38 a ɗan wurin da bai kai girman farce ba, cikin roba, a rufe. Ga dalilin da soket ke narkewa, fiyus kuma bai yanke ba, domin amfiyar ba ta wuce ƙa'ida ba. Soket ɗin nan da a ce cajar waya aka sa masa, mai jan ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na amfiya, da ko ɗumi ba zai yi ba. Abin da ya ƙona resistarka shi ne ke ƙona soket, shi ne kuma ke sa siririyar waya ta yi laushi idan aka ɗora mata kaya mai nauyi.

Sai batun ƙwan mai zare, wanda na ga shi ya fi karya maka gwiwa. Ka ninka 230 da kansa, ka samu 52,900, ka raba da 60, ka samu 882. Haka ne. Amma om 882 turjiyar zaren ce lokacin da yake ci, yana fari fat da zafin da ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas. Kai kuma a sanyi ka auna shi, yana hannunka. Ƙarfe, duk sanda ya yi zafi, turjiyarsa ƙaruwa take yi, zaren tangistin da ke cikin ƙwan kuwa nasa yakan ninka sama da sau goma tsakanin sanyi da ci. Sittin da 'yan kai da ka gani shi ne abin da ya kamata lafiyayyar mita ta nuna. Wannan ne ma ya sa irin waɗannan ƙwayaye suka fi mutuwa a daidai lokacin da aka kunna su: zaren na sanyi, turjiya kaɗan, sai wuta mai yawa ta afka masa a ɗan ƙiftawar ido kafin ya ɗau zafi.

Darasin da ke nan shi ne R ba ta zama lamba ɗaya a kowane abu. A resista kusan ba ta motsi, don haka aka yi ta. A zaren ƙwai zafi na canza ta. A ƙwan LED kuwa abin ya fi haka: ƙasa da wani bolt ba ya barin wuta ta wuce, da zarar an haura shi kaɗan sai amfiya ta yi tsalle. Shi ya sa ba a neman om ɗin LED da mita, ana cire bolt ɗinsa ne a yi lissafi a kan abin da ya rage, kamar dai yadda ka yi.

Wani wurin da za ka sake ganin takarda da mita sun saɓa shi ne injina masu naɗin waya a kan wutar gida, kamar fanka da firji da famfon ruwa. A nan bolt sau amfiya yakan fi ainihin wat ɗin da injin ke ci, saboda a wuta mai kai da komo amfiyarsu ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da bolt. Dalilin ke nan da ake rubuta ƙarfin janareta da taransifoma da VA, wato bolt sau amfiya, ko kVA, wato VA dubu. Za ku zo wurin a karatu. A yanzu ka sani cewa a kan batir, da kan hita da dutsen guga da duk abin da aikinsa zafi ne kawai, P = V × I tana aiki kai tsaye.

Tunda ka fara gwaji kai kaɗai a gida, akwai abin da ba zan bari ya wuce ba. Ba a auna om a da'irar da ke da wuta. A cire ta daga soket ko batir tukuna, in da hali a ɗaga ƙafa ɗaya ta abin da za a auna, domin kada sauran kayan da ke haɗe su ɓata karatun. Bolt ana auna shi ne a gefe biyu na abu, amfiya kuwa sai an yanke layi an sa mita a tsakiya. Wanda ya bar mita a wurin amfiya ya dangwala ta a bakin batir ko soket, ya haɗa wutar kai tsaye, kuma abin da zai biyo baya ya wuce ƙonewar resista. Gwaje-gwajenka duka ka riƙa yin su a kan batir. Wutar bolt 230 kada ka taɓa ta sai maigida na tsaye. Na'urorin kariya da ake sa wa gidaje don ceton rai a miliamfiya 30 suke yanke wuta, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na abin da ɗan ƙwanka ke ci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda jikin mutum ba ya jure wa amfiya.

Game da maigidanka, maganar da ya faɗa ba daidai ba ce, faɗarta a gaban yara kuma ta yi zafi, na sani. Amma kada ka riƙe shi a zuci, kada kuma ka raina abin da ya sani. Mutumin da ya shekara yana wannan aiki, da ido zai kalli 'yar resistar nan ya san ba za ta ɗauka ba. Lissafin wat ɗin yana cikin hannunsa, ko da bai taɓa rubuta shi ba. Kai kana da abin da zai kai ka inda ido bai taɓa gani ba, shi kuma yana da abin da takarda ba ta faɗa: wace resista ce ke jure zafi, ina ake ɗaura ta, wace waya ce ke saurin cin amana. Kana buƙatar duka biyun.

Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban kowa ba. Ka ce masa, Maigida, na gano abin da ya ƙona ta, wat ɗinta ne ya yi kaɗan, ina neman izini in sake haɗawa. Ka nemi mai om 27 ko 33 ta wat 10. Kafin ka kunna, auna batirin ka rubuta abin da ya nuna, ka yi lissafin amfiya da wat a kan wannan lambar, ba a kan 12 ɗin da ke jikin kwali ba. Bayan ka kunna, sa mita a wurin bolt, ka auna gefe biyu na resistar, ka raba abin da ka gani da om ɗinta. Amfiyar da ke gudana ke nan, ba tare da ka yanke waya ba. Za ka ga ta yi kusa da ta takarda, da ɗan bambanci kaɗan, domin resista mai zoben zinariya ko harafin J an yarda ta kauce da kashi 5 cikin ɗari, ƙwan ma bolt ɗinsa na ɗan sauka idan ya ɗumama. Bar fitilar ta yi minti goma tana ci, ka kusantar da bayan hannunka ba tare da ka taɓa ba, za ka ji resistar na fitar da zafi sosai amma ba ta canza launi ba. Daga nan sai ka kira shi ya duba, ka ajiye takardar lissafin kusa da mitar.